Tukunyar Gwaggo Cima

A Birni, bayan duwatsun da awaki ke hawa,
gidan nan mai shuɗiyar ƙofar kwano,
nan Gwaggo Cima ke girka tukunyar jan ƙarfe
tun ladan bai gyara murya ba.
Mutari maƙeri ya ƙera mata ita,
ya murɗa bututun kamar hanjin rago,
ya ratsa shi cikin randar Mirriya mai sanyin ruwa.

Saiwar jema daga fadamar Gidimuni,
kajiji ƙulli uku, an daka sama-sama,
ɓawon lemun tsami da ya sha iska a inuwa,
da damin tsabre wanda jaki ya rage a hanya.
Ta liƙe bakin murfi da kwaɓin gero,
ta ce tururi ɓarawo ne,
ko kafar allura ya samu, sai ficewa.

Ni ne mai iza wuta.
Kara biyu, in ji ta, kar ka sa na uku.
Na taɓa sa na ukun don in je kallon ƙwallo,
ranar turarenmu ya fito da ƙaurin ƙanzo,
ta juye shi a gindin katanga, ba ta ce mini komai ba.
Da ta zage ni, da na fi samun sauƙin mantawa.

Pampo ya kwana shida bai ko yi tari ba.
Mai ga-ruwa ya tsawwala kuɗin bido,
ta kwance bakin zane ta biya.
In randa ta ɗumame a kwashe a yi wanki,
ruwan wankin a kai wa bishiyar lemu,
lemun ya dawo tukunya baɗi.
A Damagaram ba a yi wa ruwa sallama sau ɗaya,
sai an ga ƙarshen wahalarsa ake rabuwa.

Ɗigon farko yaji gare shi, na zubarwa ne.
Na ƙarshe lami, sai yayyafin ɗaki.
Tsakaninsu ake nema, kuma ba shi da ƙararrawa.
Ta tara tafin hannu, ta kai hanci,
ta ce canza buteli.
Yini guda, buteli bakwai, wani lokaci shida,
mai na saman kuwa bai cika cokali biyu ba,
da gashin zabo take tsamowa.

An yi ta raɗa a bakin masallaci,
wai tukunya da bututu, ai giya ce ake dafawa.
Mai unguwa ya zo da rakiyar mutum biyu,
ya sunkuya, ya shaƙa, ya daɗe bai ɗago ba,
ya ce haka mayafin mahaifiyarsa ke ƙamshi.
Ya tambayi kuɗin ƙaramar kwalba,
ya nemi ragi, ta hana, ya biya yana murmusawa.

Bara zazzaɓi ya kwantar da ita mako uku.
Da ta tashi sai ta riƙa miƙo mini hannu:
shinshina, mu gani ko ka iya.
Na ɗauka jarrabawa ce.
Sai ranar da miya ta ƙone kusa da ita
tana ta tsinar kajiji, ba ta ko waiwaya ba,
na gane abin da ciwon ya tafi da shi.
Ban faɗa ba. Ita ma ba ta faɗa ba.
Muka bar maganar a ƙarƙashin murfi tana dahuwa.

Yanzu kunne take karkatawa wajen buteli,
tana ƙirga tazarar ɗigo da ɗigo da carbi.
Jiya na shinshina, na yi shakka, na yi shiru.
Ta ce, yaro, ya wuce da ɗigo goma.
Na sake kai hanci. Da gaskiyarta.
Na canza buteli, na janye kara ɗaya,
ta aike ni in leƙa ko pampo ya kawo ruwa.